Hannuwan Malam Istifanus

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina ɗaukar hoto, amma ranar da wata tsohuwa ta dawo mini da aikina ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da waya ke gyara muku fuska kafin ku ƙifta ido, ku saurara.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, ina babban ma'aikaci a shagon hoton Alhaji Sani, kusa da Unguwar Rimi. Wata Litinin Fasto Yohanna, na wata ƙaramar coci da ke hanyar Mando, ya kawo tsofaffin hotuna biyar. Ya ce na magabatansu ne da suka rasu, masu bishara da malaman makaranta, za a karrama su ranar Lahadi, a rataye hotunan a bango. Yana so a ƙara musu girma a sa a firam.

Yadda muke yi a lokacin, sai a sake ɗaukar ƙaramin hoton, a fitar da dodonsa, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Sannan a bi dodon da fensir mai tsini a share tabo da tamoji. A nan na yi suna, kuma ina ji da kaina.

Hoto na biyar na wani Malam Istifanus ne, yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Da na duba da kyau sai na ga babu yatsu, dungulmi ne, hancin ma ya ɗan lotsa, gashin girarsa ya zube. Na ce a raina ai ba a rataye bawan Allah haka a gaban jama'a. Na yanke hoton daga ƙirji, na miƙar da hancin, na cike girar. Ya fito tsaf kamar babban akawu. Alhaji da kansa ya yaba.

Ran Juma'a Fasto ya zo karɓa tare da matar marigayi Malam Istifanus, Mama Rahila. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta miƙo mini shi.

"Ɗana, wannan ba mijina ba ne. Ina hannuwansa?"

Na fara kame-kame cewa mutunci na yi masa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in wannan za a rataye, gara a bar wurinsa fayau. Ta kwance ɗaurin da ta zo da shi, ta fito da littattafan rubutu guda huɗu da wani tsohon tsumma. Fasto ya bayyana mini cewa Malam lafiyayye ne ya tafi ƙauyen kutare koyar da karatu, lokacin da ko ruwa ba a sha a moɗa ɗaya da su. A can ciwon ya kama shi. Da yatsun suka tafi, ita ce kowace safiya take ɗaura masa alƙalami a dungulmin da wannan tsumman, ya zauna yana juya waƙoƙin sujada zuwa Hausa da harshen garinsu.

Na buɗe littafi ɗaya. Wallahi rubutu ne a jere, shafi bayan shafi, babu goge ko ɗaya. Ni mai yatsu goma ban iya irinsa ba. Kunya ta rufe ni.

Ran Asabar na sake aikin daga farko, ban taɓa fensir ba. Lahadi na kai da kaina, na tsaya daga bakin ƙofa tunda ni Musulmi ne, ban san tsarinsu ba. Da aka yaye ƙyallen da ke kan hotonsa, sai wasu tsofaffi kamar goma suka miƙe daga baya. Ɗalibansa ne. Suka ɗaga hannuwansu sama, duk dungulmi, suka ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙinsa. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Tun daga ranar, ban sake share komai a fuskar mutum ba sai na tambayi mai ita, ko wanda ya san ta. Da na miƙa wa Mama Rahila nata kwafin bayan an tashi, ta shafa gilashin daidai wurin hannuwan, ta ce, "Yauwa, ga shi nan."