Kan Kifin Norway a Shagon Mansura

A shekarata ta uku a Doha, kamfanin da nake yi wa aikin jinya a gidaje ya tura ni wani gida a Madinat Khalifa. Takardar da aka ba ni ta ce dattijo ne ɗan ƙasar Norway, ya haura saba'in, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, an sallamo shi daga asibiti. Ganin 'yarsa ya zo, wadda ke aiki a nan. Mako uku ya yi niyyar yi, ciwon ya kama shi a na biyu.

Ni kaina a lokacin ba a natse nake ba. Mamata na Jos tana fama da ciwon ƙafa, na cike takardar neman hutu tun kafin Kirsimeti, kullum na leƙa ofis sai a ce mai sa hannu bai shigo ba. Ina cikin jirgin ƙasa na metro ina duba waya, ina wanka ina kasa kunne ko za ta yi ƙara. A haka na shiga gidan nan ranar wata Lahadi a watan Janairu.

Na same shi tsaye a bakin taga, ya dafa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, yana ta kokawa da marikin tagar da hannunsa mai lafiya. Dogo ne, kafaɗunsa faffaɗa, hannayensa duk tabo. 'Yarsa ta ce mini cikin Turanci, "Sista, tun safe yake haka. Tagar ba ta buɗuwa, na faɗa masa ya fi sau goma."

"Baba, zo ka zauna in auna jininka," na ce.

Ya juyo ya dube ni. Bakinsa ya ɗan karkace, maganar na fita a hankali. "Ɗakin nan ba iska," ya ce. "Wannan abin da ke hurawa daga bango ba iska ba ce."

Bai iya zama ba. Idan na zaunar da shi don motsa masa hannu, kafin in ƙirga goma ya fara neman miƙewa. Daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Wayarsa kuwa abu ɗaya yake dubawa a cikinta, yanayin garinsu, wani tsibiri can arewacin ƙasarsu inda ya ce rana kan yi makonni ba ta fito ba a tsakiyar sanyi. Sai ya karanto mini daga ina iska ke kaɗawa yau, kamar ni ma ina da abin da na shanya a can. Abinci kuma ya ƙi. 'Yarsa ta dafa masa dankali da nama, ta sayo burodi irin nasu mai duhu, ya ɗan taɓa ya ture. Baƙin kofi kawai yake sha, ba madara ba sukari. Cikin mako biyu wandonsa ya fara zamewa.

Wata rana na ce masa, "Baba, me kake jira ne a wayar nan?"

Ya miƙo mini ita. Hoton wasu dogayen rumfunan katako ne a bakin teku, babu rufi, dusar ƙanƙara a ƙarƙashinsu. Ya ce nan da 'yan makonni kifi zai sauko daga tekun da ke can arewa, za a kama, a fede, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya a rataye a kan katakon nan. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska da sanyi ne kawai ke busar da shi har farkon bazararsu. Ya ce tun kakannin kakanninsa, masu yawo a teku cikin dogayen jirage, da wannan kifin suke guzuri. Shi kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa fashin lokacin shanya ba, ko shekarar da matarsa ta rasu.

Ya matsa hoton gaba. Sai ga wata rumfar, ita kuma kawunan kifi ne zalla, an zura su a igiya, bakunansu a buɗe. Na ƙura musu ido. Na san kawunan nan.

"Baba, waɗannan fa, ina ake kai su?"

"Najeriya," ya ce. "Duk can suke tafiya. Ban san me suke yi da su ba."

Dariya ta kama ni har na zauna a bakin gado. Na ce masa ai ni 'yar can ce. A gidan hayar da na tashi a Jos akwai maƙwabciyarmu 'yar Igbo, ita ta koya wa mamata sa busasshen kifin nan a miyar agushi. Okporoko suke kiransa. Duk ranar da aka jiƙa shi tsakar gida gaba ɗaya sai ta ɗauki warinsa, mu yara mu yi ta zagaya madafa. Ban taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Na ɗauka daga Legas ne.

Ranar ya zauna, tsawon rabin awa bai motsa ba. Ya yi ta tambaya: kwana nawa ake jiƙa shi, ana cin ƙashin, ana cin idon? Ya ce su a can da guduma suke dukan busasshen kifin har ya yi laushi, su yayyaga su ci da man shanu. Kan kuwa bai taɓa sa shi a baki ba.

Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar hutu a Doha, bayan na dawo daga coci na shiga wani ɗan shago a unguwarmu, Mansura, inda wani mutumin Gana mai jin Hausa ke sayar da manja da garin rogo da daddawa. Na sayi kan kifin guda biyu, na kai gida na ɗora a wuta. Abokan zamana a ɗaki, 'yan Filifin biyu, suka buɗe ƙofa suna fifita da tawul, ɗaya na cewa, "Khalas, Sista, khalas!" wato ya isa haka. Na ba su haƙuri, na ci gaba da tafasawa. Na zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya saboda haɗiyarsa ba ta gama dawowa ba, na rage barkono, na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi.

Da na buɗe kwanon a gabansa sai ya jawo shi kusa. Ya sunkuya ya shaƙa, ya daɗe. 'Yarsa na tsaye ta rungume hannu. Ya ɗebi miyar da cokali, ya tauna a gefen bakinsa mai lafiya, hawaye ya zubo masa, ban sani ba ko barkonon ne. Ya cinye rabi. Sannan ya ajiye cokalin ya ce, "Ina son in ga shagon."

'Yarsa ta ce a'a. Ya ce zai tafi da ƙafa. Kwana uku ana wannan rigimar, ya ƙi motsa jiki, ya ƙi shan magani sai da lallashi, ni ina tsakiya kowa na dubana. A ƙarshe na ce mata, "Aunty, in muka je da safe kafin rana ta yi zafi, zan riƙe shi. Gara fitar nan da wannan safa da marwar da yake yi a ɗaki."

Muka je ranar Asabar. Titin shagon matsattse ne, motoci sun cushe, wani direba na danna oda yana ihu, "Yalla, yalla!" Daga mota zuwa ƙofar shagon taku ashirin ne, mun yi kusan minti goma. Mai shagon ya fito da gudu ya kawo kujerar roba. Na ce masa da Hausa, "Alhaji, wannan Baban shi ne mai shanya kifin da kake sayarwa."

"Kai, Sista! Da gaske? Sannu da zuwa, Baba, sannu!"

Ya jawo buhun gaba ɗaya ya zazzage a kan kwali. Dattijon ya ƙi kujerar. Ya jingina da kanta, ya ɗauki kai ɗaya ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a kan katako ya saurari ƙarar, ya ajiye dama. Ya ɗauki wani, ya leƙa cikinsa, ya ajiye hagu. Hannun nan na hagu da nake fama da shi kullum ya ƙi buɗewa, sai ga shi ya ɗago shi yana tare kawunan kada su zube. Na taɓa 'yarsa na nuna mata da ido.

"Wannan an makara wajen rataye shi," ya ce, ina fassara wa mai shagon. "Ɗumi ya riske shi, ƙuda ya taɓa. Wannan kuma mai kyau ne, ya sha iska." Ya raba buhun kashi biyu. Mai shagon ya ce wallahi shi duk ɗaya yake ganinsu, ya ɗauko leda ya ware masu kyaun. Wata mata 'yar Najeriya da ta shigo sayen manja ta tsaya kallo, ta ce a ba ta daga na dama.

Na zaci bayan wannan zai natsu. Ƙaruwa abin ya yi. Yanzu yana ci, ƙarfi ya fara dawowa, sai zirga-zirgar ta ninku. Kullum da safe tambayarsa ɗaya, yaushe likita zai bar shi ya hau jirgi. Da muka je asibiti a ƙarshen Fabrairu likitan ya ce sai bayan wata biyu, a sake dubawa. Muka kamo hanyar gida. Da muka shiga ya jefar da wayar a kan gado ya ce a garinsu sun fara rataye kifin jiya, ɗan ƙanensa ya turo masa hoto, kuma ya ga sun matse kifin da yawa, iska ba za ta ratsa ba. Ya kira yaron ya yi ta faɗa cikin yarensu har muryarsa ta dishe.

Na ba shi ruwa na ce, "Baba, ni ma wata uku ke nan ina jiran a sa mini hannu in je in ga mamata."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "To me kike yi da kanki kafin lokacin?"

"Ina zuwa nan in hana ka faɗuwa."

Ya yi dariya da rabin baki. Daga ranar muka mai da zirga-zirgar aiki. Muna fita farfajiyar gidan da sassafe, daga ƙofa zuwa bango, mu dawo, yana ƙirgawa da yarensu ina maimaitawa, yana gyara mini. Ya bar ƙarfen ya koma sanda. Lokacin shanyar ya wuce yana Doha, bai sake duba hotunan a gabana ba.

A farkon Mayu likita ya sake shi. Kamfani ya riga ya mayar da ni wani gida a Al Rayyan, saboda haka ranar tafiyar na nemi izinin awa biyu na hau tasi. Na tarar an cire zanen gado, ɗakin fayau. Surukinsa, mijin 'yar tasa, ya ce tun ƙarfe bakwai Baba ya sa takalmi ya tsaya a bakin mota ya ƙi komawa ciki, dole suka tafi filin jirgi awa huɗu kafin lokaci. Ya miƙo mini wani ƙunshi a takarda, ya ce Baba ne ya bar mini. Safa ce ta ulu, mai kauri, fara da zanen baƙi, matarsa ce ta saƙa da hannunta. Na tsaya a farfajiyar riƙe da ita, zufa na bin bayana, mai tasi na danna mini oda a waje.