Turminmu Ya Je Malumfashi

Maska

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Asabar muka fito daga gida, ni da 'yata Sa'adatu da turmi. Masu babur biyu ke jiranmu a ƙofa. Ɗaya ya ɗaure turmin a baya da roba, ya gitta taɓare uku a kai, ɗayan ya ɗauke mu. Babanta ya rako mu har bakin masallaci, ya ce, "Allah ya tsare," ya dafa kanta ya koma.

Ga wadda ba ta san mu ba: Sa'adatu shekarunta sha ɗaya, kuma tana da i'ina tun tana ƙarama. Bara yara sun yi mata dariya a aji, ta yi zango guda ba ta buɗe baki a makaranta ba. Wata rana Malam Kabiru, mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu, ya zo wurin babanta. Yana zaure ya jiyo ta tana daka tana waƙa, ba ko gargada. Shi ne ya shirya wasa a kan manomin da ya sayar da hatsinsa kaf da kaka, ya ba ta matsayin matar gida, wadda duk maganarta a bakin turmi take yi, taɓarya na ba ta kiɗa. Yau za su nuna shi a gasar makarantu a Malumfashi. Abin da ke raina ɗaya ne: in aka sake yi mata dariya, ban san ranar da za ta ƙara magana a cikin mutane ba.

Malam ya ce a bar turmi, a ara a can. Na ce ya yi haƙuri, kowane turmi da muryarsa da tsayinsa, kuma da namu ta saba.

An yi ruwa shekaranjiya, hanya duk taɓo. Masara ta yi goyo hagu da dama. Sau biyu muka sauka muka taka da ƙafa.

Funtua

Bakwai saura minti goma muka iso tasha. Malam Kabiru da sauran yara bakwai sun riga mu, suna shan koko da ƙosai. Direban bas ɗin da aka ɗauka shata ya zagaya turmin, ya ce, "Hajiya, wannan fasinjan fa ba ya cikin lissafi."

Na ce, "Ba ya surutu, ba ya amai. Ya fi yaran nan sauƙi."

Ya yi dariya, ya ce a ɗora shi bisa mota. Na roƙe shi a sa shi ciki, don in ya faɗo ya tsage tafiyar ta tashi a banza. Da ƙyar ya yarda, aka kwantar da shi tsakanin kujeru. Bakwai da rabi muka tashi.

Bayan Bakori akwai shingen bincike. Jami'in ya leƙo ta taga, ya ga turmi da taɓare da ƙwarya da faifai, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ƙaura ce ko yaji? In yaji ne ki yi haƙuri ki koma."

Yara suka kwashe da dariya, har Sa'adatu. Ina kallonta ta gefen ido, leɓenta na motsi, tana bitar waƙarta.

Malumfashi

Tara saura kwata muka shiga gari. Ɗakin taron sabo ne, an shimfiɗa masa tayil fari tas har kan dandamali. Muna sauke kaya sai ga mai gadi, wani dattijo mai sanda.

"Ina za a kai wannan?"

Malam Kabiru ya yi masa bayani. Dattijon ya girgiza kai. "Ba a kan tayil ɗin nan ba. In ɗaya ya fashe, ku kuna Maska, ni za a kira."

Gaskiyarsa ce, ban ja da shi ba. Mai shirya gasar ya ce abu mai sauƙi ne, su riƙa ɗaga taɓarya suna saukewa ba tare da ta taɓa turmi ba. Muka koma bayan ɗaki muka gwada. Sa'adatu ta ɗaga, ta sauke a iska, ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Ta sake, ta sake. Sai ta jingina taɓaryar da bango ta zauna, ta ja hijabinta ta rufe fuska.

Na bar ta ta huce. Cikin alƙalan gasar akwai wata Hajiya mai tabarau, an ce tsohuwar shugabar makaranta ce. Na jira har aka yi hutun sha ɗaya, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai a hankali. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, dama wa ya taɓa daka a ɗaki? Ku ne na ƙarshe. Bayan azahar a fitar da benci gindin bishiya. Amma in mutane sun watse, ba ruwana."

Muka ci shinkafa da wake a wurin wata mai abinci a bakin ƙofa. Sa'adatu loma uku ta yi. Ni kuwa don in rage wa kaina zaman zullumi, sai na ɗauko rabin tiyar dawar da na zo da ita, na yayyafa mata ruwa tun sha biyu, na rufe da faifai. Ba a dakan turmi wayam, kowace mace ta san wannan. A nan na yi kuskure, ban sani ba.

Ƙarfe biyu da rabi aka fara. Rabin mutane sun tafi. Amma da Sa'adatu da 'yan mata biyu suka kama lugude, suna cilla taɓarya suna tafi, sai ga mata suna leƙowa daga gidajen maƙwabta, wasu da goyo. Sa'adatu na rera wa mijinta na wasa faɗa a kan buhunan da ya kai kasuwa, muryarta fes. Da ta ce masa ya sayi agogo da kuɗin dawa, to ya dafa agogon su ci, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Saura magana ɗaya a gama, sai na ga ta leƙa cikin turmi, ta sa hannu ta murza, ta ɗaga wa 'yan'uwanta hannu su tsaya. Dawar ta jiƙa da yawa, ta surfu da wuri, in aka ƙara za ta farfashe. Ni na koya mata cewa ba a ɓata hatsi, ko na wasa ne. Kiɗa ya ɗauke, wuri ya yi tsit, ga magana a gabanta.

"M... M... M..."

Wani yaro a baya ya fara ƙyalƙyala. Mai gadin nan ya ɗora masa kan sanda a kafaɗa, yaron ya haɗiye dariyarsa. Na sa idona a ƙasa ina salati. Ta damƙi dawa a hannu, ta miƙa wa mijin, ta ja numfashi.

"M... Malam. Wannan ce ta ƙarshe a rumbu."

Hajiya mai tabarau ce ta fara tafi.

Komawa

Na uku suka zo, aka ba su littattafan rubutu da takardar yabo. Huɗu da kwata muka tashi, muka yi la'asar a Funtua, muka samu masu babur kafin hadarin da ya haɗo ya sauko. Ana kiran magariba muka shiga Maska.

Da babanta ya dawo daga masallaci ya zauna a tabarma, ya tambaye ni yadda aka yi. Kafin in amsa, Sa'adatu ta ce, "B... Baba, ni zan faɗa." Ta ɗauki lokaci. Ta maƙale ya fi sau goma. Tuwonsa ya huce a gabansa, bai taɓa ba har ta kai ƙarshe.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga Malam Kabiru, da Hajiyar da ban ma tambayi sunanta ba, da Baba mai gadi, wanda ya hana mu ɗakinsa kuma shi ya ɗebo mana benci. Allah ya saka wa kowa da alheri.