Tambarin Zoɓon Hajiya

Yatsunta na fara gani. Wata budurwa ce, ta ɗaga kwalbar zoɓo tana kallon yadda haske ke ratsa ta, a teburin da nake tsarewa duk Asabar a kasuwar Gorton da ke Manchester. Zoɓon na Hajiya ne, mahaifiyata. A unguwar Balsall Heath ta Birmingham take dafa shi, gidan ƙanwata likita, ni kuma in ɗauko in kawo Manchester.

Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce da Turanci irinsa kakarta ke dafawa lokacin Kirsimeti a tsibirinsu na Karibiyan, sai dai nasu babu masoro. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, na san inda irin wannan shafi yake kai mutum. Kafin ta rufe kwalbar har na zaɓi launin labulen falonmu.

Ashe aikinta rajistar tambarin kaya ne, a wani ofishin lauyoyi. Ta ce kawunta yana da kanti a tsibirin kuma zai so ya sayar, amma kada mu aika ko kwalba ɗaya sai mun kare tambarinmu, wato ludayin nan da jan fure da ke jikin kwalbar. Rajistar Ingila ba ta kai can. Sai an ɗauki wakili ɗan ƙasar, a bincika ko wani ya riga mu, a buga sanarwa, a jira masu ƙorafi har wasu watanni. Watanni! Ban taɓa murnar jinkiri irin ta ranar ba.

Daga nan zama ya gagare ni. A ofis ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. In shiga gida, in fito, in zagaya layin gidajenmu, in dawo. Tsakiyar mako sai in hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ba dalili, in sha shayi in juyo. Kullum ina ƙirƙiro tambayar da zan kira ta a kai: jan furen ya yi duhu? Ludayin ya karkace?

Bincike ya fito, babu mai irin tambarinmu. Saura mai kaya, wato Hajiya, ta sa hannu a ba wakili izini. Budurwar ta ce tana so ta ji amincewar Hajiya daga bakinta. Na sa sabuwar shadda, muka tafi.

Ƙanwata ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce da Hausa, "Yaya, wannan ce lauyar? Lallai za mu ci shari'a."

"Ke, rufa min asiri."

"Wannan turaren da ka yi wanka da shi fa, shi ma na rajista ne?"

Hajiya ta leƙo daga saman bene. Ta ga shaddata, ta ga baƙuwa ta yafa gyale don girmamawa, sai ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta taɓa kira ba. Kuma a wurinmu namiji ba ya kawo mace gaban uwarsa haka kawai. Aka sauko wa baƙuwar da dambun nama, da turmin atamfa, da turaren wuta. Hajiya dai ba ta sauko ba.

Na hau na durƙusa. "Hajiya, hannu kawai za ki sa."

Ta kau da kai. "Kai ba ka jin kunya? In zauna gaban yarinya ina zuba? Ka turo manya tukuna."

Na buɗe baki in ce ciniki ne kawai, sai na ji ba zan iya rushe abin da bakin Hajiya ya riga ya gina ba. Na sauko hannu rabbana.

A jirgi budurwar ta ɗora atamfar a cinya tana kallon taga. Can ta ce, "Mahaifiyarka ba ta son aikin nan."

"Tana so."

"To me ya hana ta saukowa?"

In na faɗa mata dalili, na faɗa mata komai ke nan. Amsar tana bakina muka wuce Stoke, tana bakina muka wuce Stockport. Da muka sauka na ce, "Al'ada ce."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ba ta shigar da tambarin wanda ba ya son ganinta, ba adalci ba ne ga tsohuwar. Ranar Litinin ta sanar da wakilin a dakata. Na sake kira sau ɗaya, na rasa abin tambaya.

Bayan shekaru na ci karo da wata abokiyar aikinta a tashar bas. Ta ce ai mutuniyar tawa ta koma tsibirin, ta auri wani malamin makaranta. Uwar mijin tana gidansu, wai tare suke zuwa sayen kifi, suna musu tun daga ƙofa har bakin teku.