Hedimasta da Igiyar Maraƙi

Duk wanda ya yi firamare a wani ƙauye da ke tsakanin Kaya da Maradun cikin shekara ashirin ɗin nan, in ka ambaci Malam Maiwada sai ya shafa bayansa. Shi ne hedimasta. Siriri ne, mai ɗan gemu, da agogon hannu wanda ba ya cirewa sai zai yi alwala. Mahaifinsa manomin gyaɗa ne. Shi kuwa ya tafi karatun malanta, ya dawo da kyan rubutu da ƙin makara.

Ƙarfe takwas saura kwata ake buga tsohon wilin motar da ke rataye a jikin darbejiya. Wanda ya iso bayan haka zai tarar da Malam tsaye da tsumagiya. Ɗiyarsa Hanifa ma ta sha ta a gaban kowa, ranar da ta tsaya neman takalmi. Da wannan yake alfahari. Yakan ce ɗan hakimi da ɗan talaka agogo guda ke gare su a makarantarsa, kuma har ga Allah ya ɗauka adalci ke nan.

Shekara shida da suka wuce wasu makiyaya suka sauka a bayan ƙauyen da ɗan abin da ɓarayin daji suka bar musu. Malam Maiwada da ƙafarsa ya je ya yi ta lallashi har aka ba shi yara goma sha ɗaya. Kafin shekara biyu yara huɗu suka rage. Kullum sai wajen tara suke isowa, kullum sai an dake su, suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ce ai dama mutanen nan ba karatun suke so ba.

Cikin huɗun akwai Baraka, ɗiyar wani makiyayi mai suna Manu, tana aji shida. Karatu a bakinta kamar ruwa, amma lissafi ko oho. Malam Ishaq, mai koyar da lissafin, ya riga ya yanke hukunci cewa kanta ba ya ɗauka. Ga shi saura wata biyar a yi jarrabawar shiga sakandare.

Wata Alhamis Manu ya shigo makarantar riƙe da hannun yarinyar. Aka gaisa, aka tambayi iyali da bisashe da gajiya, babu abin da aka tsallake. Sannan ya buɗe tafin hannunta, ga shatar tsumagiya.

"Malam, kai ka zo har gida ka roƙe ni ɗiyar ga," in ji Manu. "Ban ba ka ita don duka ba. In anka ƙara taɓa ta, ta bar boko ke nan."

"Malam Manu, doka ta. Mi za ya hana ta sammako awa sauran yara?"

"Taho ka gani da idonka."

Ranar Asabar da sassafe Malam ya tafi rugar, da wa'azinsa a shirye kan amfanin tashi da wuri. Bai samu wanda zai yi wa ba, don kowa ya daɗe da tashi. Tatsa ake yi. Saniya ba ta sakin nono sai maraƙinta ya fara tsotsa. Da nonon ya sauko sai a janye shi, a riƙe shi a gabanta tana lasarsa, mai tatsa ya yi aikinsa. In an sake shi ya shanye, in an kai shi nesa ta ɗauke nonon. Riƙon nan aikin yara ne. Shanu bakwai suka rage wa Manu, matarsa Saude na fama da goyo da kaɗa nono, don haka maruƙa bakwai ɗin duk a hannun Baraka suke, ɗaya bayan ɗaya. Malam ya waiga sauran bukkokin. Yaran da suka bar makarantarsa ga su nan, kowa da igiya a hannu.

Ya dubi agogo lokacin da aka gama: takwas da minti ashirin. Ya taka daga rugar zuwa makaranta da irin tafiyar yaro, ya iso tara daidai. Ya shiga ofis ya tsaya gaban jadawalin da ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa. Lissafi ne darasin farko, Litinin zuwa Juma'a, kowane aji. Ashe tun da Baraka ta shigo makarantar nan ba ta taɓa ganin an koyar da lissafi ba. Abin da take tararwa allo gogagge da tsumagiya. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Abin da ya sa ake son Malam Maiwada duk da zafinsa shi ne, in ya gane ya yi kuskure ba ya tsayawa kame-kame. Ranar Litinin ya yage jadawalin a gaban malamai. Ya maida lissafi da Turanci bayan an dawo tara, wato hutun karin kumallo, ya tura shara da wasanni da zane zuwa safe.

Malam Ishaq ya tashi tsaye. "Ranka ya daɗe, tun da anka kafa boko da safe aka lissafi, sa'ad da kai ke da sanyi. Don yara huɗu za mu birkita ɗari biyu?"

"Goma sha ɗaya na," in ji Malam. "Bakwai ni na kore su da hannuna. Kai kuma kanka ya ɗan yi zahi, ba mutuwa za ka yi ba."

Ishaq ya yi ta gunaguni har sati uku. A sati na huɗu aka gan shi a gindin darbejiya bayan an tashi, yana koya wa Baraka rabawa da 'ya'yan gyaɗa. Da aka tsokane shi sai ya ce shi fa gyaɗar yake ci. Biyar daga cikin yara bakwai ɗin da suka bar makarantar suka dawo. Biyu ba su dawo ba, iyayensu sun tashi zuwa wajen Bakura, kuma har yau Malam na ambaton sunayensu da baƙin ciki.

Sai ga ranar jarrabawa ta zo a cikin damina. A Maradun za a yi, ƙarfe tara, dole a kama hanya tun bakwai da rabi. Wannan kam jadawalin ba na Malam ba ne balle ya yage shi. Manu ya aiko cewa ba ƙi ya yi ba, amma Saude na kwance da zazzaɓi, yaran maƙwabta kowa da nasa maruƙan. In ba a yi tatsa ba, ba abin da gidan zai ci ranar.

Ƙarfe bakwai babur ɗin Malam Ishaq ya tsaya a bakin rugar. Malam Maiwada ya sauko daga baya, ya naɗe ƙafar wando, ya cire hula ya rataye a ƙaya.

"Baraka, hau ku tahi. Ba ni igiyar."

Manu ya riƙe baki. "Haba Malam! Kai da girmanka?"

"Girman na nan, ba inda za shi. Wane maraƙi za ni fara kamawa?"

Yarinyar ta miƙa masa igiyar tana kallon ƙasa, ta hau babur suka wuce.

Maraƙin farko ya gane baƙo ne. Ya fizge, ya ja hedimasta cikin taɓo da kashin shanu har ya durƙusa, igiyar ta sale masa tafin hannu. Yaran rugar da ya sha zanewa suka yi ta dariya har da faɗuwa. Bai saki ba. A na uku ya fara gane kan abin, a na bakwai har yana yi wa saniyar magana. Da aka gama Saude ta aiko masa da nono mai ɗumi. Yana zaune yana sha Manu ya tambaye shi lokaci. Ya goge lakar da ke kan agogon da babban yatsa.

"Tara daidai. Yanzu anka raba masu takarda."

Baraka ta ci. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, lissafin ma da ƙyar ta haye, amma tana sakandare yanzu. Malam Maiwada na nan da agogonsa, kuma har gobe ba ya ƙaunar makara. Sai dai yanzu kafin ya yi faɗa yakan tambayi yaro abin da ya tsare shi. Duk sabon malamin da aka turo, in ya ga lissafi ƙarfe goma a jadawali ya tambayi dalili, Malam ba ya dogon bayani. Buɗe masa tafin hannunsa na dama yake yi, inda igiyar ta bar tabo a daidai wurin da yake dukan Baraka.