Katakon da Na Rage wa Malam Tunde

Har yau ban manta da ranar da Malam Tunde ya shigo shagona da takarda a hannu ba. Lokacin ni ne kafintan wata makarantar sakandare da ke kan hanyar Rano zuwa Kibiya, aikina gyaran benci da ƙofa da allo, kullum daga Kahu nake zuwa a keke. Shi kuma ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, yana koyar da lissafi, ya ɗan iya Hausa.

Ya ce mini sana'arsa ta gaskiya kaɗa ogan ce. Ya yi mini bayani cewa wani babban abin kiɗa ne mai bututai da iska, irin na manyan coci-coci da zaurukan kiɗa, kuma ba hannu kaɗai ke kaɗa shi ba, akwai jerin sanduna a ƙasa da ake takawa. Bayan wata huɗu zai je Legas gwaji, inda za a zaɓi mutum ɗaya a tura shi ƙaro ilimi. A cikin kiɗan da aka ba shi akwai wani tsohon kiɗa na ƙasar Jamus wanda ƙafa kaɗai ke buɗe shi, hannu na jira. Ga shi duk yankinmu babu ogan. Yana so in ƙera masa matakan da katako, ko ba sauti, don ƙafarsa ta riƙa tunawa.

Na yi masa tsiya na ce a garinsu har ƙafa ma tana zuwa makaranta. Ya yi dariya ya ce ai ta fi kansa karatu. Shugaban makaranta ya amince, ya ba mu katakon maɗaci daga sito.

A takardar, sanduna talatin da biyu ne, dogaye sha tara, tsakanin kowace doguwa da ta kusa da ita inci biyu da rabi. Ya nanata mini wannan har sau uku. To, wajen yanka firam ɗin da sandunan za su zauna a kai na yi gaggawa, zarto ya wuce, ya gaza da inci biyu da ɗoriya. Komawa wurin shugaba in ce na ɓata maɗaci ya yi mini nauyi, ni da ake yaba aikina. Sai na yi dabarar da muke yi wa benci: na raba gibin, na rage kowane tsakani ɗan kaɗan, yadda ido ba zai gani ba.

Da ya hau ya ce kamar ya ɗan matse. Na ce daɗewar da ya yi bai taka ba ce. Ya yarda da ni. Wata huɗu yana zaune a kan benci a bayan shagona bayan an tashi, yana taka katako yana rera kiɗan da baki, idonsa a rufe.

Ya je Legas ya dawo a rame. Ya ce a tsakiya lafiya lau, amma da zarar ƙafarsa ta nufi gefe sai ta faɗa tsakanin sanduna biyu, a gaban alƙalai. An ɗauki wani. Ya ce ya gane ƙafarsa ba ta kai ba, zai haƙura ya riƙe lissafi. Har godiya ya yi mini.

Kwana uku ina jujjuya maganar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki tef ɗin awo na same shi, na ce ya auna matakan da hannunsa. Ya auna daga farko zuwa ƙarshe, ya sake, sannan na faɗa masa komai. Na shirya jin zagi. Yana tsugune, sai ya ɗago.

"Baba, ashe ba ƙafata ba ce?"

"Ba ita ba ce, Malam. Hannuna ne."

Ya zauna a ƙasa yana share ido. Ya ce shekarar ta tafi, wannan ba zai ɓoye mini zafinsa ba, amma da na ƙara mako guda ban faɗa ba, da ya bar kiɗan har abada. Na je na gaya wa shugaba, na sha faɗa, na sake ƙera wani, kowane tsakani shi ya auna kafin in buga ƙusa. Da sabon ya tafi gida a mota. Yanzu ina jin yana yawon kaɗawa a garuruwa, amma gurbin ƙaro ilimin nan bai sake buɗuwa ba.

Ku da kuke riƙe da zarto yanzu, duk kafinta yana ɓata katako. Kuskuren da mai kaya zai gani mai sauƙi ne, zai dawo ya yi faɗa a gyara. Wanda ba zai gani ba shi ne abin tsoro, domin kansa zai ɗora wa laifin, ya zo yana yi maka godiya.