Mai Birgi Ya Ƙi Kujerar Gadi

Tun yana saurayi ake ce masa Mai Birgi, har sunansa na yanka ya ɓace. Birgi dai ita ce ragar nan mai dalma a baki, wadda masunci ke ɗorawa a kafaɗa ya juya jiki ya watsa, ta buɗe a kan ruwa kamar faifai. Da ita ya yi aure, da ita ya yi rufin kwano, da ita ya kai yara makaranta. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, amma wajen taurin kai ko jaki sai ya sara masa.

Gemunsa ya fara furfura ke nan sai hukumar dam ta kafa allo a bakin ruwa, wai kifi ya yi ƙaranci, an hana raga kowace iri, sai fatsa kaɗai. Abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma dako, wani ya kama tura baro. Babban ɗansa, direba a kamfanin bulo, ya samo masa gadi a ƙofar kamfanin: ga kujera, ga inuwa, ga albashi. Manaja ya ce zai riƙe masa wurin zuwa ƙarshen wata. Ɗan da kyakkyawar niyya ya yi, amma Mai Birgi ya ji maganar kamar an ce ya miƙe a auna masa likkafani. Ya ce shi kam ba zai ƙare kwanansa yana buɗe wa mota ƙofa ba.

Ya sayar da kekensa ya sayo fatsar zamani, sanda mai kwarkwaron zare da ɗan hannun naɗewa. Mai shagon ya so ya nuna masa yadda ake jefawa, ya ɗaga masa hannu. Wai shi za a koya wa jifa a ruwa?

Ranar farko ya kafa ƙafafu a tabo, ya murɗa ƙugu, ya saki da dukkan ƙarfinsa yadda ya saba. Dalma ta faɗi nan kusa, kwarkwaro kuwa bai san an tsaya ba, ya ci gaba da juyi, zare ya kwance ya cukurkuɗe kamar gashin da ya shekara bai ga mataji ba. Laifin ba na kowa ba ne sai na hannunsa. Birgi tana son ka ba ta ƙarfinka duka, ka buɗe hannu lokaci ɗaya. Kwarkwaro kuwa so yake babban yatsanka ya zauna a kansa, yana taɓa shi yana rage masa gudu. Hannun da ya tsufa yana saki, ina zai yarda ya riƙe?

Ma'aikatan ofis masu zuwa fatsa ranar hutu suka ba shi shawara ya sa wuƙa ya yanke, ya ɗaura sabo. Ya dube su sheƙeƙe, ya ce a gidan da ya taso ba a yanke zare, warwarewa ake yi. Sai ya zauna da allurar gyaran raga yana tsintar ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Jifa guda, rabin yini a zaune. In ya dawo gida da bokiti wayam, uwar 'ya'yansa takan leƙa ta ce, "Malam, yau ma zaren za mu dafa?"

Ya koma gwadawa a tsakar gida, ya ɗaura noti a bakin zaren yana auna bokiti. Ya fizgo zanen matarsa daga igiyar shanya, ya fasa ƙwan lantarkin ƙofar bayi, kajin maƙwabta suka daina shigowa. Ɗansa ya riƙa aiko ƙannensa su lallashe shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Gajiya ce ta koya masa. Wata la'asar kafaɗarsa ta yi tsami, ya yi jifa na ganin dama, yatsansa na kwance a kan kwarkwaro don ya rasa kuzarin ɗaga shi. Zare ya tafi sumul, dalma ta sauka can nesa. Maimakon murna sai haushi ya kama shi, ashe abin raggon hannu yake so. Ya haɗiye haushin ya sake gwadawa. A hankali ya fara dawowa da 'yan karfasa, wani lokaci da tarwaɗa. Ba su kai abin da birgi ke kawowa a jifa ɗaya ba, kuma ya fi kowa sani. Abin yana ci masa rai, amma ko matarsa bai gaya wa ba.

Da wata ya ƙare, ɗansa ya same shi a bakin ruwa da safe, da kayan aiki a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya leƙa bokitin. Sannan ya ce, "Baba, an ba wani wurin."

"Allah ya ba shi haƙurin zama," in ji Mai Birgi. "Matsa baya, kada ƙugiya ta kama maka kunne."

Ya so ɗan ya gani da idonsa, kuma son nan ne ya cuce shi. Ƙugu ya murɗa da kansa, hannu ya buɗe, kwarkwaro ya yi ƙara, zare ya dunƙule tun dalma ba ta taɓa ruwa ba. Ɗan ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko.

Mai Birgi ya nemi dutse ya zauna, ya ɗora sandar a cinya, ya zaro allura daga aljihu. Ya kamo bakin ƙullin farko.

"Tafi kada ka makara," ya ce, bai ɗago ba. "Ni ma ka ga aiki nake yi."