Dalma a Cikin Bindigar Kaka

Abin da na fara gani da na isa Janfalan hutun makaranta shi ne layu uku ɗaure a jikin bindigar kakana. Da can ɗaya ce tal. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina aji biyar a Ikara.

Kakata, wadda muke kira Iya, ta ba ni labari tana tankaɗe. Birai sun addabi masarar gari, Kaka ya harba sau huɗu bai sami ko ɗaya ba. Wasu suka ce an ɗaure bindigar, wasu suka ce ido ne ya tafi. Har mai unguwa ya aika a kira wani maharbi daga Kudan. Tun ranar Kaka bai sake zama a dandali ba.

Da kansa yake zuba harsashi, ya narka dalma a ludayin ƙarfe. Nakan zauna a gindin rumbu ina kallo, don mace ba ta taɓa bindiga, wai tana karya asirinta. Na lura dalmar da ya sayo a Hunkuyi laushi gare ta, farce ma yana shigarta. Gwangwanin kakin zuman da yakan shafa wa harsashi kuwa ya ƙare, bai nemi wani ba. Rannan ya zura tsumma cikin bindigar da sandar ƙarfe, ya zaro ya yar, na tsinta. Ban da baƙin albarushi, akwai siraran ɓarɓashi masu ƙyalli. Dalma ce take liƙewa a ciki, tsumma shafarta kawai yake yi ya wuce.

Sau uku ina durƙusawa gabansa da tsumman a dunƙule a hannu, maganar ta maƙale.

"Amarya, ko boko ya cinye miki harshe ne?" in ji shi.

Sai in sake gaishe shi in tashi, in koma bayan ɗaki ina cizon yatsa.

Ana gobe maharbin Kudan zai iso, Kaka ya ce zai tafi Makarfi neman laya ta huɗu. Yana alwala na sami Iya a madafa, na buɗe mata tafin hannuna.

"Iya, ki nuna masa kafin ya fita. Ya kankare cikin bindigar da siririyar waya, ya nemi kaki. Don Allah ki ce ke kika gani."